Wuƙar Aljihu A Zamanin Tsoro

 

A wannan mako ina so mu tattauna a kan wani ɗan ƙaramin abu da bai wuce tsawon tafin hannu ba, wanda a wajen iyayenmu yake cikin kayan fita na magidanci, tare da hula da carbi da asawaki, amma a yau ya koma abin da mutumin kirki ke ɓoyewa tamkar kayan sata. Ina nufin wuƙar aljihu, wato 'yar ƙaramar wuƙar nan mai naɗewa, wadda bakinta ke komawa ya kwanta cikin ƙota. Na san wani zai ce, a jihar da ake tare hanya da rana tsaka a kwashi matafiya, ina dalilin ɓata tawada a kan wuƙa? Dalilin shi ne, abin da ya sami wannan wuƙa misali ne na wata ɓarna da rashin tsaro ya yi mana, wadda ba a cika sa ta cikin lissafi ba. Muna ƙirga rayukan da aka rasa, da dabbobin da aka kora, da gonakin da aka bari, amma ba mu lura da yadda tsoro ya raba mu da iya bambanta kayan aiki da makami ba. Al'ummar da ta kai nan kuwa, mai gaskiya ne ke fara shan wahala a cikinta.

Bari mu fara da tuna aikin wuƙa a rayuwarmu kafin wannan fitina. Malamin zaure da ita yake fiƙe alƙalamin kara, ya tsaga bakinsa daidai yadda zai riƙe tawada. 'Yandoto, da ke ƙasar Tsafe a yau, gari ne da ya shahara da malamai tun kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, kuma daga can ne Malam Sambo Ɗan Ashafa ya taso da jama'arsa suka kafa Gusau. Duk littafin da aka kwafa a irin waɗancan zauruka, sai da wuƙa ta yi aikinta kafin alƙalami ya taɓa takarda. Manomi da ita yake yanke igiya, ya farke bakin buhu, ya fere rogo ko rake a gindin bishiya idan rana ta take. Mai kiwo kuwa ya fi kowa sanin darajarta, domin idan akuya ta ci abin da ya kumbura mata ciki, ko mota ta buge rago a bakin titi, abin da ke tsakanin naman halal da mushe bai wuce 'yan mintuna da wuƙa mai kaifi ba. Talakan da tunkiya ɗaya ce asusunsa, rashin wuƙa a irin wannan lokaci asara ce da zai shekara bai mai da gurbinta ba.

Masu ƙera ta su ma ba ƙananan mutane ba ne a tarihinmu. Binciken masana ya nuna ana narka tama a Dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7, kuma labarin kafuwar Kano ya jingina sunan birnin ga wani maƙeri da ya zo daga Gaya neman tama. Ba banza ba masarautunmu suka ware sarautar Sarkin Maƙera, domin fartanya da lauje da galma duk daga hannunsu suke fitowa, wato abincin gari a maƙera yake farawa. Da layin dogo ya ratso Gusau ya kai Ƙaura Namoda a 1929, sannan motoci suka yawaita, sai maƙera suka huta da wahalar haƙar tama da narka ta, suka koma amfani da tsofaffin ƙarafan jirgi da sifirin ɗin mota. Baturen nan masanin Hausa, Philip Jaggar, ya wallafa littafi guda a 1994 a kan yadda maƙeran birnin Kano suka bi zamani ba tare da sun saki gadonsu ba. Maƙerinmu bai taɓa tsoron sabon fasali ba. Matsalarsa kullum ita ce wanda zai saya.

Wuƙar da nake ɗauke da ita yau da kullum, wani maƙeri ne a ƙasar Bungudu ya ƙera mini ita shekara bakwai da suka wuce, bisa fasalin da muka zauna muka tsara tare. Bakinta bai kai inci 3 ba, kuma na roƙe shi ya dakushe tsininta, saboda yanka nake bukata ba suka ba. Daga gutsuren sifirin ya fitar da ita. Ya hura zugazugi a kan gawayin ƙirya, ya bugi ƙarfen da masaba a kan uwar maƙera har ya yi faɗi, ya gyara siffarsa da magagari, sannan ya mai da shi wuta ya yi ja, ya tsoma a mai domin ya yi tauri. Bayan haka ya sake ɗumama shi sannu a hankali har launinsa ya koma kamar na zuma, domin ƙarfen da aka bari da taurin farko karyewa yake yi kamar kwalba. Abin da ake koya wa ɗaliban injiniya da ma'aunin zafi, shi da ido yake gane shi, gado daga kakanni. Ƙotar ta ƙahon sa ce, kuma ƙusa ɗaya ta tagulla ce ta riƙe bakin, a kanta yake juyawa. Wani baduku a Gusau ya ɗinka mata 'yar jaka ta jar fata. Ka ga ke nan abu ɗaya ya ratsa hannun mahauci da majemi da baduku da maƙeri, kowa ya sami na cefane.

Amfanin da nake yi da ita bai wuce na kowa ba. Ina kwance ƙunshin takardu, in fiƙe wa yara fensir, in fere mangwaro, in yanke igiyar kaya a tasha, in kankare bakin wayar lantarki. Da ita kuma nake gyara farcena, wanda hakan ma wata kariya ce, domin likitoci sun daɗe suna gargaɗin cewa ciwon hanta nau'in B yana yaɗuwa ta hanyar aska ko almakashin da jama'a ke tarayya a kansa. Irin wannan ƙarfe yana ɗaukar kaifi cikin sauƙi a dutsen washi, sai dai yana tsatsa idan aka bar shi da danshi, saboda haka bayan kowane aiki akan goge shi a shafa masa ɗigon man gyaɗa. Iyakar hidimarsa ke nan.

To, me ya sauya? Duk mazaunin Zamfara ya san amsa. Shekara da shekaru ke nan 'yan bindiga suna addabar ƙauyuka da hanyoyi, har ta kai a watan Satumba na 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan waya na tsawon makonni. Waɗannan kasuwanni kuwa su ne inda maƙerin karkara ke baje fartanyu da laujuna da wuƙaƙensa. A watan Yuni na 2022 gwamnati ta kai ga shawartar jama'a su nemi lasisin mallakar bindiga domin kare kansu. A irin wannan yanayi shingayen bincike suka yawaita, a hanyar Gusau zuwa Tsafe da Funtuwa, da hanyar Gusau zuwa Bungudu da Maru, kuma duk wani ƙarfe mai kaifi ya zama abin tuhuma.

A daminar da ta wuce ina cikin motar haya zuwa Tsafe, aka sauke mu a wani shinge aka caje aljihunan kowa. A aljihun wani dattijo da bai gaza shekara 70 ba aka sami 'yar wuƙa mai naɗewa, wadda washi ya cinye bakinta har ya zama siriri kamar ganyen albasa. Wani matashi daga cikin masu binciken ya ɗaga ta sama ya ce, “Baba, me kake yi da makami?” Dattijon ya amsa a hankali, “Ɗana, wannan ta girme ka, kuma ban taɓa yanka abin da ya fi zakara da ita ba.” Aka dai riƙe wuƙar, aka ce mu tafi. Har muka sauka bai ƙara cewa uffan ba. Abin da aka karɓe masa a kasuwa ba zai sayi mudun masara ba, amma an tsai da shi gaban sa'o'in jikokinsa an kira shi mai makami, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya tsufa da mutuncinsa.

Adalci shi ne a faɗi cewa mai tsayawa a shinge yana da nasa uzurin. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma da yawa daga cikin masu wannan aiki sun binne abokan aikinsu. Haka nan ba mai musun cewa wuƙa tana kisa. Masu ƙwacen waya a Kano da sauran biranenmu da wuƙa suke aiki, 'yan sara-suka da 'yan daba ma haka, kuma kowa ya ga irin ƙarafan da ake fitowa da su lokacin yaƙin neman zaɓe. Sai dai mu tambayi kanmu tsakani da Allah: waɗanda suka hana mu noma, suka tashi garuruwa, da wuƙar aljihu suke zuwa ko da bindiga ƙirar AK-47 a kan babura? Idan ƙarfinmu ya ƙare a kan aljihun tsoho, to an bar jaki ana dukan taiki.

Ba mu kaɗai muka taɓa shiga wannan ruɗani ba, kuma akwai darasi a yadda wasu suka yi. A 1929 wani kamfani a garin Thiers na Faransa ya fito da wata wuƙa mai naɗewa mai arha da ake kira Douk-Douk, ta karɓu ƙwarai a Afirka ta Arewa a hannun manoma da leburori. Da yaƙin neman 'yancin Aljeriya ya ɓarke a 1954, sai hukumomin mulkin mallaka suka ɗauke ta a matsayin kayan yaƙi, suka hana shigar da ita ƙasar. Hanin bai hana Aljeriya samun 'yanci a 1962 ba. Wuƙar Okapi, wadda aka fara ƙerawa a Solingen ta Jamus a 1902 domin kasuwannin Afirka, kafin a mai da masana'antar Afirka ta Kudu a 1988, ita ma ta yi baƙin suna a matsayin wuƙar 'yan iska. Hatta kamfanin Victorinox na Suwizalan, wanda Karl Elsener ya kafa a 1884, wanda kuma yake ƙera wa sojojin ƙasar wuƙar aljihu tun 1891, cinikinsa ya faɗi warwas bayan harin 11 ga Satumba 2001, lokacin da aka hana shiga jirgin sama da wuƙa. A 2024 shugaban kamfanin ya bayyana cewa suna shirin fito da samfurin da ba shi da bakin yanka sam, saboda tsananin dokoki a ƙasashe da dama.

Misalin da ya fi jan hankalina shi ne na Ingila, ƙasar da ke fama da matsalar soke-soke tsakanin matasa. Dokar da suka yi a 1988 ta haramta yawo da abu mai kaifi ko tsini a bainar jama'a ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, amma ta keɓe wuƙar aljihu mai naɗewa wadda kaifinta bai wuce inci 3 ba. Daga baya kotunansu suka fayyace cewa wadda bakinta ke kullewa idan an buɗe ta ba ta cikin wannan rangwame. Ba cewa nake dokar Ingila wahayi ce ba. Abin koyi a cikinta shi ne an aje ma'auni wanda ɗan sanda ya sani, mai wuƙa ma ya sani, kuma rula ta ɗan firamare ta isa ta raba gardama.

Mu a nan, dokar fashi da makami ta 1984 ta bayyana makami da cewa duk abin da aka ƙera ko aka sauya domin raunata mutum, ko wanda mai riƙe da shi ya yi nufin amfani da shi ta wannan hanya, har ta lissafa adda da mashi da kwari da baka da kulki, kai har da gutsuren itace da kwalba da dutse. Dokar tarurruka da jerin gwano ta 1979 kuma ta hana zuwa irin waɗannan wurare da makami. Wato abin da doka ta dogara a kai shi ne nufin mutum da wurin da yake. Wannan daidai ne a gaban alƙali, inda ake da lokacin sauraron shaidu. Amma a bakin hanya, cikin rana, ga layin motoci, ta yaya matashi zai auna nufin mutum? Sai ya koma duban tufafi da fuska da harshe. Mai babbar riga da katin shaida ya wuce da tasa, mai tsohuwar taguwa ko mai sandar kiwo a karɓe tasa. Inda babu ma'auni, son rai ne ke hukunci, kuma nan ne ƙofar na-goro take buɗewa.

Abin mamaki shi ne addininmu ya riga ya shimfiɗa mana ladubban ɗaukar ƙarfe tun ƙarni 14 da suka wuce. A aya ta 25 ta Suratul Hadid, Allah Ya ambaci ƙarfe da siffofi biyu a jere, wato tsananin ƙarfin yaƙi da kuma amfani ga mutane. Ya zo a Sahihul Bukhari cewa an ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana yankar naman kafaɗar tunkiya da wuƙa, da aka kira salla sai ya aje ta ya tashi. Bukhari da Muslim sun ruwaito umarninsa ga mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau, cewa ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani ciwo. Muslim ya ruwaito gargaɗi mai tsanani ga wanda ya nuna ɗan'uwansa da ƙarfe, ko da kuwa uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Abu Dawuda da Tirmizi kuma sun kawo hanin miƙa takobi a zare. Ba a hana mallakar ƙarfe ba, an dai ɗaure mai shi da ladabi. Idan ka duba da kyau, wuƙa mai naɗewa ita ta fi dacewa da wannan tarbiyya, domin kubenta a jikinta yake, kuma sai ka sa hannu biyu da natsuwa kafin ta buɗe.

Saboda haka ina da kira ga ɓangarori uku. Na farko ga Majalisar Dokokin Jihar Zamfara da rundunar 'yan sanda, da su zauna su fitar da ƙa'ida a rubuce, da Hausa da Ajami da Fulatanci, wadda za ta bambanta kayan aiki da makami: tsawon baki kaza, mai naɗewa, marar tsini, halal ne a aljihu, barho da gariyo da takobi kuwa sai da dalilin sana'a. A fayyace wuraren da ko ƙaramar ma ba a shiga da ita, kamar makarantu da kotuna da tarukan siyasa da gidajen kallo. A raba wannan takarda ga duk mai tsayawa a shinge, har da Askarawan Zamfara da aka ƙaddamar a Gusau a ƙarshen Janairun 2024, a kuma karanta ta a gidajen rediyo. Duk abin da aka karɓe a hannun mutum, a ba shi shaidar karɓa, ya san inda zai bi sawu.

Na biyu ga masarautunmu da Sarakunan Maƙera na Gusau da Tsafe da Bungudu. Ya kamata kowane maƙeri ya sami tambarinsa da zai riƙa bugawa a jikin abin da ya ƙera, kamar yadda kamfanonin Turai ke yi. Tambari yana kare mai gaskiya, yana tona asirin mai ƙera wa ɓata-gari makamai, yana kuma ɗaga darajar kaya. Wuƙar Opinel da ake alfahari da ita a Faransa, wani ɗan maƙeri ne mai suna Joseph Opinel ya fara ta a ƙauyensu a 1890, itace ne da ƙarfe kawai, kuma har yau tambarin gidansu ke sayar da ita a duniya. Ba fasaha suka fi namu ba, tsari da suna suka fi su. Kwalejojin fasaha da jami'o'inmu na iya taimakawa da gwajin ƙarfe da gyaran fasali, maimakon mu ci gaba da cika kasuwanninmu da wuƙaƙen gwangwani na waje masu dakushewa cikin mako guda.

Na uku, wanda ya fi muhimmanci, ga mu masu ɗaukar ta, musamman matasa da ɗalibai. Wuƙar aljihu ba abin kare kai ba ce. Ba ta tare harsashi, ba ta kuma korar ɗan fashi, kuma wanda ya zare ta cikin faɗa ya mai da cacar baki ta minti biyar zuwa shari'ar kisa. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fita ba. Wanda ya san yana da saurin fushi, ya bar ta a gida. Ba a buɗe ta sai aiki ya taso, ba a wasa da ita a majalisa, ba a ɗaukar hoto da ita a sa a Facebook, ba a miƙa wa wani sai a naɗe. Idan ka iso shinge, kai ka fara faɗin cewa tana aljihunka kafin a tambaye ka. Kada a ba yaro sai an zauna an koya masa, kamar yadda aka koya mana cewa ba a yanka ana fuskanto jiki da kaifi. Duk wanda ya kasa riƙe waɗannan ladubba, shi ne ke jawo wa dattijon ƙauye wulaƙanci a hanya.

Ranar da zaman lafiya zai dawo, kuma da yardar Allah zai dawo, za mu bukaci maƙera su ƙera fartanyun da za a koma gona da su. Idan muka bari tsoro ya kashe wutar maƙera tun yanzu, ranar nan ba za mu sami mai hura ta ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah Ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannun miyagu, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.